Ba a Ƙirga Maruƙa

Shekara guda bayan an ba mu jiha aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙasar Bunguɗu, kan hanyar Kekun Waje. A Damba muke zaune lokacin, ni da maigidana da yaranmu biyu, don haka kullum sai na yi sammako zuwa tasha. Ga wahalar mai da aka sha a shekarun nan, wata rana bas, wata rana bayan a-kori-kura tare da buhunan taki. Duk wannan bai dame ni ba kamar yadda hedimastanmu ya dame ni. Ban cika wata biyu ba muka yi faɗa da shi a kan alli. Kulle shi yake yi a durowa, ya riƙa gutsura mana rabi-rabi, ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. A gaban malamai na ce masa idan allin na gadonsa ne ya faɗa mana mu daina roƙo.

Washegari ya kira ni ofis yana murmushi, ya ce ya lura ina da ƙarfi, saboda haka ya ba ni aji nawa na kaina. Ajin shi ne tsohon sito da ke bayan makaranta, wanda iska ta kwashe rabin kwanonsa. 'Yan ajin kuwa yara biyar ne da aka tsamo daga aji ɗaya, malaminsu ya ce sun gagare shi. Akwai wanda kunnensa ba ya ji sosai, akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, akwai biyu da duk abin da aka koya musu yau, gobe ya bi iska. A lokacin ba mu san wani suna na ilimi da ake kiran irin waɗannan yara da shi ba. Dolaye ake ce musu, a gaban idonsu ma, kuma ni kaina na faɗa a ranar don haushi. Har yau ina jin kunyar wannan kalma.

Ta biyar ɗin yarinya ce 'yar Fulani, daga wata ruga da ke bayan gonakin garin. Za ta yi shekara takwas, amma jikinta na 'yar biyar ne. Harshenta ya yi mata nauyi, magana ɗaya-ɗaya take fitarwa, hannuwanta gajeru masu laushi. Tun ranar farko ta zo ta zauna a jikina ta kama bakin mayafina, ba ta sake shi ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙanenta, kakarta ce ta raine ta. Ita kakar tana kawo nono da fura bakin makaranta, kuma ita ce ta matsa wa ɗanta, uban yarinyar, sai da ya yarda aka rubuta sunanta. Inna muke ce mata duka.

Wata rana ina sayen nono na tambaye ta abin da ya sa ta dage. Ta ce, "Malama, na tsuhwa. In na hwaɗi yau, wa za shi kula da ita? Ina son ta saba da mutane, su ma su saba da ita. Ko ba ta iya komi ba, a san da ita."

Bayan sati uku hedimasta ya leƙo siton, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Malama, ɗiyan ga ba karatu sunka zo ba, raino na. Ƙarshen zangon ga za ni gwada su da kaina. Duk wanda bai iya ƙidaya ɗaya zuwa goma ba, sai in cire sunanai daga rajista, shi koma gida." Na ce masa ya shirya birorsa, ba zai cire ko ɗaya ba. Da ya tafi na san a raina cika baki kawai na yi.

Na tara murafen kwalba da ƙwallayen dabino da 'ya'yan tsamiya. Kullum muna zaune a ƙasa muna jera su. Sauran huɗun suka fara kamawa kaɗan-kaɗan, wanda ba ya ji ma da yatsu yake nuna mini, ya fi kowa sauri. Ita kuwa yarinyar waƙar ta kama. Takan rera ɗaya zuwa goma tana tafi tana jijjiga kai, ba ta tsallake ko ɗaya. Amma in na ajiye murafe uku a gabanta na ce nawa ne, sai ta taɓa na farko sau huɗu, ta tsallake na biyu, ta ce "goma" tana dariya. Bakinta daban, yatsanta daban. Na riƙe yatsan na bi da shi ya fi sau ɗari, da na saki sai ta tura murafen gefe ta koma wasa da mayafina.

Daga nan na yi dabarar da na ɗauka babu wadda ta kai ta. Na ce a raina, 'yar Fulani ce, murfin kwalba ba komai ba ne a wurinta, bari in kawo mata abin da take so. Na samo yumɓu a bakin rafi, na zauna ranar Lahadi ni da yarana muka gina shanu goma, har da tozo da ƙahoni. Ranar Litinin na jera su a gabanta. Fuskarta ta cika da murna, ta ɗauki ɗaya ta manna a kumatunta. Na ce yauwa, an zo wurin. Na kama yatsanta na ɗora a kan ta farko, na ce, "Ɗaya."

Ta fizge hannunta ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta tattara shanun duka ta zuba a zanenta ta rungume, tana cewa, "A'a, Malama! A'a!" Na yi lallashi, ta ƙi. Na sake kama hannun, ta cije ni. Nan fa raina ya ɓaci. Na tuna Lahadin da na kashe, na tuna murmushin hedimasta, na buga allo da tafin hannu na daka mata tsawa, na ce in ba za ta yi ba ta tashi ta ba ni wuri. Ta kuwa tashi. Ta fita da shanun a zane tana kuka, ta nufi inda kakarta take zama. Kafin in huce in bi ta, sun tafi.

Kwana uku ba ta zo ba, Inna ma ba ta kawo nono ba. Na kasa sukuni. Ranar Alhamis da aka tashi ban nufi tasha ba, na tambayi hanyar rugar na bi ta cikin gonakin dawa, takalmina duk taɓo. Ana la'asar na isa. Uban yarinyar na fara tararwa, dogo, ya rataya sanda a kafaɗa. Ya amsa sallamata da ƙyar, ya nuna mini bukkar Inna da baki, ya juya.

Inna ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Sai da muka gama gaisuwa tsaf ta ce, "Malama, ke Kaɗo ta, ba ɗiyar ruga ba, ba ki sani ba, shi as sa ban riƙe ki ba. Ku komi sai kun ƙidaya. Mu ba mu ƙidaya abin da ad da rai. Ba shanu ba, ba maruƙa ba, ba ɗiya ba. In mutum yaƙ ƙidaya su, kamar ya ce ma Allah sun ishe shi, sai su hwara raguwa."

Na ce, "To Inna, ƙaƙa kuka sanin sun cika?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta inda rana take fitowa. Ta ce, "Ke in kin koma gida, ƙidaya ɗiyanki kika yi kahin ki san sun cika?"

Sannan ta ba ni labarin da ban sani ba. Tun a satin da yarinyar ta koyi waƙar ƙirga, ta dawo gida da murna, ta tsaya a gaban maruƙa tana nuna su da yatsa tana rerawa. Ubanta ya gani, ya doke hannun, ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba. Bayan kwana huɗu ɗaya daga cikin maruƙan ya kumbura ya mutu. Uban ya ce ga abin da boko ya jawo musu, a gabanta ya faɗa. Tun ranar, in ji Inna, in aka ambaci maraƙin sai ta nuna ƙirjinta ta ce, "Ni." Ga shi kuma na zo na jera mata shanu goma na kama hannunta da ƙarfi na ce ta ƙirga.

Na kasa ɗaga kai. Ni a wurina yumɓu ne, ita a wurinta shanu ne, kuma kashe su na ce ta yi. Na ce, "Inna, ki yahe mani." Ta ce ba ita zan roƙa ba.

Muna nan zaune sai ga yarinyar ta kora maruƙa daga bayan bukkoki. Da ta gan ni ta tsaya cak, sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. A gefen garke akwai wata doguwar igiya da aka ja tsakanin turaku biyu, an ɗaura mata gajerun igiyoyi a jere. Dangwali ake ce mata, a nan ake ɗaure maruƙa kafin iyayensu su dawo daga kiwo, don kada su shanye nonon. Inna ta ce kowane maraƙi da maɗaurinsa, babba a farko, ƙarami a ƙarshe, kuma wannan aikin yarinyar ne tun bara.

Na zuba mata ido. Ta kama maɗauri na farko, ta jawo maraƙi ɗaya ta ɗaure. Ta kama na biyu, ta jawo wani. Ba ta tsallake ba, ba ta maimaita ba. Wani ɗan ja ya shiga wurin da ba nasa ba, ta buge shi a gindi ta mai da shi gaba. Da ta zo kan wani maɗauri ta ga babu mai shi, ta ɗaga kai ta waiga, ta tafi bayan wata bukka ta jawo shi da kunne. Yarinyar da na yi wata biyu ina cewa yatsanta ba ya bin abu ɗaya-ɗaya, ga ta tana yi a gabana, ba kuskure, kullum kuma yi take yi. Ni ce ban taɓa zuwa na gani ba.

Na ce, "Inna, igiya hwa? Tana da rai?"

Ta gutsuri goro tana taunawa. Can ta yi dariya ta ce, "Kai, ku Haɓe da wayo! Igiya rama ta, Malama. Ki ƙidaya ta har ki gaji."

Na ce ta faɗa wa yarinyar da bakinta, don ni yanzu ba za ta yarda da ni ba. Inna ta kira ta, ta yi mata magana da Fillanci a hankali, tana nuna igiyar. Ni kuma na durƙusa na ce mata na yi laifi, ba zan ƙara taɓa shanunta ba. Ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙo hannu ta shafa wurin da ta cije ni, ta ce, "Sannu." Uban yana nesa yana kallonmu. Na tambayi Inna ko zai bari ta dawo, ta ce ita ta haife shi, in bar mata wannan.

Ranar Asabar na shiga motar Tsafe na tafi Bilbis wurin Baba, mahaifina, don shi gwanin tufka ne. Na ce ya yi mini dangwali ƙarami na rama mai maɗaurai goma. Ya ce, "Ashe gwamnati kiwo tas sa ki? Ai da kin hwaɗi tun hwarko, da ban sai da akuyata na kai ki kwaleji ba." Na ba shi labarin duka, har da tsawar da na yi. Ya ci gaba da murza rama a cinyarsa, ya ce tun ina ƙarama zuciyata ke riga hankalina isa wuri. Amma ya yi igiyar da kyau, ya sa tazara mai faɗi tsakanin maɗauran yadda ƙaramin hannu zai kama ɗaya ba tare da ya haɗa da na kusa ba.

Ranar Litinin yarinyar ta dawo, shanun yumɓun suna ƙulle a bakin zanenta, uku sun karye. Na ɗaure igiyar tsakanin taga da ƙafar wani karyayyen benci. Ban ce ta ƙirga ba. Ni na fara, na kama maɗauri na farko a tafin hannuna na ce ɗaya, na sake shi, na kama na gaba na ce biyu. Kwana biyu tana kallo daga nesa. A na uku ta matso ta ture hannuna, wai ba haka ake kamawa ba, ta nuna mini yadda ake yi. Na ce to, ita ta kama, ni in faɗa. Daga baya muka riƙa faɗa tare. Tunda sai ta cika hannunta da maɗauri kafin ta buɗe baki, dole bakin ya jira hannun.

Ba sauri aka yi ba. Sati biyu muka yi tsakanin ɗaya da huɗu. Bakwai da takwas suka riƙa musanya wuri har na fara jin tsoro. Wata rana ta yi daidai har goma, washegari ta tashi kamar ba ta taɓa ganin igiyar ba, na fita bayan sito na yi kukana na share fuska na dawo. Amma ban ƙara ɗaga mata murya ba. Sauran yaran ma suka bar murafen kwalba suka dawo kan igiya, har faɗa suke yi a kanta.

Ranar gwaji hedimasta ya shigo da rajista a hammata, aka kawo masa kujera. Ya fara da huɗun, suka tsallake, biyu daga ciki da ƙyar da jiɓin goshi. Ya zo kanta. Ta tashi ta je wurin igiya, ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, muryarta ƙasa-ƙasa, har ta ce goma. Na saki numfashi.

Ya ce, "Wagga ai waƙa ta, Malama. Kin horar da ita bisa igiya guda. Ƙidaya ita ta a ba ka abu ka hwaɗi ko nawa na." Ya juya gare ta, ya zagaya ɗakin da biro. "Ke, mu nawa na cikin ɗakin ga? Ƙidaya mu."

Ta dube shi, ta dubi 'yan ajin, ta ɓoye hannuwanta a baya. Na ce, "Ranka shi daɗe, su ba su ƙidaya mutane, ka ba ta duwatsu ko..." Ya ɗaga mini hannu, ya ce ba ni yake gwadawa ba. Ya buɗe rajista ya cire murfin biro. Maganganu suka taru a bakina, munana, na san in na sake su ita za su cutar, sai na cije leɓe na yi shiru. Ban taɓa yin shirun da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

Sai yarinyar ta motsa. Ta je ta kamo hannun yaron da ba ya ji, ta jawo shi wurin igiya ta damƙa masa maɗauri. Ta kamo na biyu, ta kamo na uku, ta kamo na huɗu, kowa da nasa. Ta zo ta ja ni da mayafi ta sa ni a gabansu. Sannan ta tsaya a gaban hedimasta ta kama hannun rigarsa tana ja. Ya dube ni, na kau da kai. Ya tashi, babban mutum da furfura, ta kai shi can farkon igiyar ta sa masa maɗauri na ɗaya a hannu, tunda shi ne babba. Ita kuma ta koma ƙarshe ta riƙe nata na ɗan lokaci, ta ɗaura masa bakin ɗankwalinta don ya tsaya a madadinta, ta dawo farko.

Ba ta taɓa kowa ba, ba ta kalli fuskar kowa ba. Igiyar kawai take taɓawa, kusa da hannun kowannenmu. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta bi a hankali har ta kai kan ɗankwalinta, ta bar sauran ukun da ba kowa suna lilo.

Ta ce, "Bakwai."

Hedimasta yana tsaye da igiyar maraƙi a hannu, na ga leɓensa yana motsi, yana bin mu da ido yana tabbatarwa. Ya saki maɗaurin, ya mai da murfin biro, ya rufe rajista. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce in aiko a karɓar mana alli, kwali guda.

Da aka tashi na riƙo hannunta muka fito. Inna tana bakin makaranta, ta riga ta haɗa ƙorenta, nonon ma ko rabi ba ta sayar ba. Ba ta tambaye ni ko nawa yarinyar ta ƙirga ba. Ta miƙe tsaye tana kallon bakina, ta ce, "Malama, gobe ta zo?"

Na ce, "Ta zo, Inna. Gobe da jibi duka."

Ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryar nonon, wadda kullum ita kaɗai take ɗora wa kanta, sai a ranar ta kasa ɗagawa. Na kama mata gefe ɗaya, yarinyar ta sa hannu a ƙasa, muka ɗora mata.